Yadda Na'iya Ya Yi Wa Jirgi Fenti

A wani layi da ke bayan babbar kasuwa an yi wani mutum mai shagon ɗab'i, tsakanin shagon mai aski da teburin mai gyaran waya. Fosta yake bugawa da kalanda da rubutun jikin riga. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, Na'iya kowa yake ce masa. Baƙo kan zaci don mahaifiyarsa ake faɗa, alhali ba haka ba ne. Duk abin da aka ambata a gabansa, ko gyaran agogo ne ko ɗaurin karaya, kafin mai magana ya rufe baki ya ce, "Na iya." Ya taɓa iya gyaran firijin gidansa, shi ya sa yanzu takalma ake ajiyewa a ciki.

Wata rana da hantsi yayan matarsa ya tsaya a ƙofar shagon. Direba ne a wata ƙaramar makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke bayan gari, shi ke ɗauko ɗalibai ya mai da su. Cikin hira ya ce makarantar za ta sake wa jiragenta biyu fenti, amma Kyaftin, wato tsohon matuƙin da ke shugabancin wurin, ya ce ba za a buɗe gwangwani ko ɗaya ba sai ya ga zanen a jikin jirgi a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Duk mai zane ya kawo, ranar Asabar ta sama za a duba a zaɓa.

Direba bai ƙarasa ba ya gane ya yi ɓaranɓarama, don ya ga idon Na'iya ya kawo wuta. Ya yi ƙoƙarin juya maganar zuwa tsadar taya, amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Na'iya ya riga ya rufe shago ya shige gaban mota, yana gaya wa mai aski cewa in an zo nemansa a ce ya tafi filin jirgi, aiki ya taso.

A hanya Direba ya roƙe shi. Ya ce shekararsa tara a wurin nan ba a taɓa jin kansa da kowa ba, in ya san ba zai iya ba su juya tun yanzu. Na'iya ya yi dariya ya ce, "Yaya, jirgi fa mota ce da aka sa wa fiffike. Motoci nawa na liƙa wa sitika a garin nan?"

Mai kula da na'urar wata mace ce mai ƙarancin magana, Injiniya ake ce mata. Ta kai shi ɗakin: kujerar matuƙi, sitiyari, feda biyu a ƙasa, ga manyan alluna uku da ke nuna fili da sama. Ta ba shi 'yar filash ta fara bayani. Ta ce a ciki akwai hoton jikin jirgin a shimfiɗe, gunduwa-gunduwa, kamar fatar da aka feɗe aka shanya. Ya yi zanensa a kan kowace gunduwa inda take, kada ya matsar da ko ɗaya, don na'ura ta san mazaunin kowacce. Akwai shafi na biyu mai fari da baƙi kawai, wannan kada ya taɓa shi, shi ke gaya wa na'ura inda yake ƙarfe da inda yake gilashi.

Kowace jimla sai Na'iya ya gyaɗa kai ya ce an wuce wurin. Idonsa na kan sitiyari.

Ta ce abu na ƙarshe shi ne mafi amfani. Babbar na'urar nan kafin ta tashi ta loda jirgi sai ta ci minti goma sha biyar, shi ya sa ta sa masa wata 'yar manhajar dubawa a filash ɗin. Ya buɗe ta, ya nuna mata fayil ɗin jirgi, ya ja zanensa ya saka, cikin daƙiƙa goma zai ga jirgin sanye da fentinsa, ya juya shi ta ko'ina. In ya ja layi ɗaya ya duba, in ya ƙara wani ya sake dubawa.

"Ƙanwata," in ji Na'iya, "dubawa ai ta mai shakkar hannunsa ce. Ni a kaina nake ganin aiki tun kafin in fara."

"To kan naka ya taɓa ganin cikin jirgi ta ƙasa?"

"Ya ga abin da ya fi haka."

Ta dube shi, ta dubi Direba. Direba ya dubi silin.

Da ya koma shago, mai aski da mai gyaran waya suka zo suka tsaya a bayansa. Ya buɗe fayil. Maimakon jirgi sai ga tarkace: rabin ciki a sama, fiffike a kwance a gefe, jela a ƙasa ta juya baya, ga wasu 'yan da'irori da ba a san na mene ne ba. Na'iya ya matso da fuska kusa da allo. Sannan ya buga tebur ya ce ya gano, hassada ce. Yarinyar nan ta ga gwani ya zo, ta tsorata, ta ba shi jirgin da ya yi hatsari.

Mai gyaran waya ya ce ai ga wata manhaja nan a gefe, ko ita ce ta dubawar da yake ba su labari yana dariya? A buɗe mana a gani. Na'iya ya buɗe don kada a ce tsoro yake. Manhaja ta nemi a nuna mata fayil ɗin jirgi. Da yake lokacin da ake wannan bayani hankalinsa na kan sitiyari, ya danna nan ya danna can, ya nuna mata kalandar wani kanti, ta ƙi karɓa. Ya nuna mata hoton fasfo ɗinsa, ta ƙi. Mai aski ya fara tari irin na mai danne dariya. Nan take Na'iya ya ce ƙwayar cuta ce a cikinta, ya goge ta daga kwamfutarsa, ya ce Allah ya so shi da ya gano da wuri.

Daga nan aiki ya kankama. Kwana biyu ya yi yana jan gunduwoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana haɗa su, har suka ba da siffar jirgi sosai a kan allo, hanci a gaba, jela a baya, fiffike a tsakiya. Ya kira duk mai wucewa ya zo ya ga jirgin da ya gyara wa makaranta kyauta. Da ya gama haɗawa sai ya ga fili ya ragu da yawa babu komai a kai. Na'iya kuwa bai yarda da asarar takarda ba. Ya ɗauko hotonsa wanda ya yi da kwat yana murmushi, ya faɗaɗa shi ya cike gefe guda. Ɗaya gefen ya rubuta sunan shago da lambar waya. Mai aski ya ce tunda fili kyauta ne a sa shi shi ma, aka rubuta sunan shagonsa da hoton almakashi. Shafin nan na fari da baƙi da aka ce kada ya taɓa, ya duba ya ga an yi shi ba tsari, ya mai da rabi baƙi wuluk don kwarjini, rabi fari tas don tsafta.

Ranar Laraba mai gyaran waya ya ce shi har yanzu bai ga alamar abin zai zauna a jikin jirgi ba. Maganar ta tsaya wa Na'iya a rai. Ya ce tunda gani ya kori ji, zai nuna musu irin dubawar manya, ba ta 'yan koyo ba. Ya buga zanen a takardar sitika, ya yanka kwalin firinta ya haɗa jirgi mai tsawon hannu, ya sa masa tsohon batir a hanci don nauyi, ya ɗaure shi da zare a fiffiken fankar silin. Ya ce kowa ya matsa. Ya murɗa fanka zuwa lamba biyar.

Zagaye uku jirgin ya yi lafiya. A na huɗu ya kwashe kalandun da ke rataye a bango. A na biyar zare ya tsinke, jirgi ya fita ta ƙofa kamar an harba shi, ya dira a farantin da mai gyaran waya ke tara ƙananan kusoshin wayoyi huɗu da ya kwance. Kusoshi suka watse cikin kwata. Mai aski kuwa, da yake a baranda yake aiki saboda zafi, ƙarar ta firgita shi, injin aski ya zarce ya shata titi tun daga goshin wani tsohon malamin makaranta har ƙeya.

Layi ya kaure. Mai gyaran waya na rarrafe a bakin kwata da maganaɗisu yana ambaton dangin Na'iya ɗaya bayan ɗaya. Tsohon malami ya dubi madubi ya tambaya a natse ko wane ne zai yi wa matarsa bayani. Na'iya ya fito ya ɗauki jirginsa da ya lanƙwashe, ya kaɗe shi, ya ce, "Kun dai gani da idonku. Ya tashi."

"Ya tashi," in ji mai aski. "Saukar ce ba ka iya ba."

"Sauka aikin matuƙi ne. Ni mai fenti ne."

Washegari ya sauke allon shagonsa ya ɗaga sabo mai cewa ana ɗab'i da fentin jiragen sama. Ya buga riguna goma sha biyu da hoton jirgin a ƙirji, ya raba wa mutanen layi, ya gayyace su ranar Asabar. Kowa ya karɓa. Har mai gyaran waya ya karɓa, ya ce ko da ƙafa ne sai ya je, don akwai abin da mutum ba ya so a ba shi labari.

Matar Na'iya ma'aikaciyar jinya ce, tana da 'yar kwamfutar aiki. Ranar Juma'a da safe za ta yi wanki ta tsinci filash a aljihun wandonsa. Ta sa a kwamfuta, ta ga zanensa a ciki, manhajar dubawar ma tana nan, don daga kwamfutar shago kaɗai ya goge ta. Akwai ma 'yar takardar bayani mai layi huɗu a gefenta. Ta karanta, ta bi yadda aka ce. Daƙiƙa goma. Ta zauna ta riƙe baki.

Na'iya na gaban madubi yana gwada yadda zai karɓi tafi, ta shigo da kwamfuta a buɗe ta ce, "Baban yara, zo ka ga jirginka."

Ya tambaya a ina ta gan shi, ta gaya masa. Ransa ya ɓaci. Ya ce wato har gidansa hassadar ta biyo shi. Ta ce ba hassada ba ce, ya dai duba, yau Juma'a ce, akwai sauran yini guda na gyara, kuma ba mutuncinsa kaɗai ba ne, akwai na yayanta. Ta matso da allon. Ya juya kai. Ta zagayo. Ya rufe ido gam, ya ce ba zai bari wata manhaja mai ƙwayar cuta ta ɓata masa abin da ya riga ya gani a kansa ba. Ta bi shi falo, yana ja da baya ido a rufe, har ya ci karo da bokitin wanki ya zauna a ciki daɓas.

Ko a cikin bokitin bai buɗe ido ba.

Ta tsaya tana kallonsa, ruwan sabulu na bin tayil. Sannan ta rufe kwamfutar, ta zare filash ta ajiye masa a gwiwa ta ce, "Shi ke nan. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Amma ka ajiye mini riga ɗaya, ni ma zan je."

Ranar Asabar ɗakin na'ura ya cika. Ɗalibai a gefe, Kyaftin a kujerar gaba da tabarau a hanci, mutanen layi a baya cikin rigunansu, har da tsohon malamin da ya zo da hula ya ja ta har kunne. Direba ya raɓe a bakin ƙofa kamar mai jiran a ce gobara. Zane uku aka kawo. Na farko na wata ɗaliba ne, fari da ratsin shuɗi. Na biyu na wani mai fentin mota, ja da ruwan toka. Kowanne ya zauna a jikin jirgi daram, aka juya shi aka duba, aka yi ɗan tafi. Na'iya ya ce da na kusa da shi, da murya yadda kowa zai ji, wai waɗannan motocin ɗaukar marasa lafiya ne ko jirage?

Da aka zo kansa Injiniya ta karɓi filash, ta rage murya ta ce ya zo gefe su duba a ƙaramin allonta, daƙiƙa goma kawai, ba wanda zai gani sai su biyu. In da matsala ta ce wa Kyaftin fayil ya ƙi buɗewa, a ba shi mako guda.

Da mai rabon tsira ne, da ya bi ta. Na'iya ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida, ana so a kai shi lungu a kwafi fasaharsa. Shi a babban allo ya zo nunawa, gaban kowa.

Injiniya ta sa filash a babbar na'ura. Ta loda.

Minti goma sha biyar ɗin nan Na'iya bai bar su sun tafi a banza ba. Ya tsaya a gaban allo ya yi jawabi. Ya ce an ba shi jirgi a tarwatse ya haɗa, bai kuma nemi a gode masa ba. Ya ce akwai masu fenti da hannu, akwai masu fenti da ƙwaƙwalwa. Ya ce in kamfanonin ƙasashen waje suka fara nemansa ba zai manta da makarantar da ta fara gano shi ba. Yana cikin bayanin yadda zai buɗe reshe a filin jirgi ya ga ba shi ake kallo ba. Ya waiwaya.

Wani abu ne tsaye a kan titin tashi. Fiffike babu, sai ƙarafan tokare biyu suna riƙe da iska, don baƙin da ya shafa don kwarjini ya mai da fukafukan gilashi. Tagogi kuwa sun toshe fari fat kamar bangon banɗaki. Tunda ya kwashe kowace gunduwa daga mazauninta, na'ura ta ɗebi abin da ta tarar a wurin ta liƙa. Lambar wayarsa ta naɗe cikin jirgin ta ƙasa, a juye. Almakashin mai aski ya fito a kan bututun hayaƙi. Kwat ɗinsa ta miƙe tun daga hanci har tsakiya kamar an ja danƙo. Idanunsa biyu suna kan tayoyi, ɗaya a hagu ɗaya a dama, suna kallon jama'a.

Bakinsa kuwa, da murmushin da haƙoran duka, ya sauka a jela, daidai ɓangaren da ke kaɗawa.

Kyaftin ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tashi a hankali ya zauna a kujerar matuƙi, ya taka fedar dama. Baki ya karkata dama. Ya taka ta hagu, baki ya koma hagu. Ya shiga takawa da sauri, bakin Na'iya na ta kaɗawa a allo uku, ba sauti.

"Ikon Allah," in ji mai gyaran waya daga baya. "Ko a jikin jirgi bai yi shiru ba."

Dariyar da ta fashe har masu gadi sai da suka leƙo. Ɗalibai suka zaro wayoyi. Tsohon malami ya yi dariya har hularsa ta faɗi, titin kansa ya bayyana, aka sake wata sabuwa. Matar Na'iya ba ta yi dariya ba, ta dai harɗe hannu tana kallon mijinta irin kallon da take yi wa majinyacin da ya ƙi shan magani.

Na'iya ya ce na'urar ce tsohuwa. Injiniya ta ce ita ce ta nuna zane biyun farko. Ya ce to kusurwar da aka tsayar da jirgin ce ba daidai ba, zanensa na sama ne, sai a iska yake fitowa. Kyaftin ya tashi ya nuna masa kujera ya ce bismillah. Na'iya ya zauna, ya tura abin da hannunsa ya fara kaiwa. Inji ya yi ruri, jirgi ya zabura, idanun da ke kan tayoyi suka shiga juyawa kamar na mai farfaɗiya. Ya murɗa sitiyari kamar na mota, jirgi ya ƙi juyawa, ya bar titi ya ratsa ciyawa, ya nufi rumfar ajiye jirage ya shige ta da hanci. Allo ya tsaya cak. Abin da ya rage a waje jela ce kawai, tana murmushi.

Da hayaniya ta lafa Kyaftin ya ce an zaɓi zanen ɗaliba. Ya tambaya wa ya kawo wannan bawan Allah. Direba ya ɗaga hannu rabi, ya ce, "Yallaɓai, mijin ƙanwata ne. Ba ni na zaɓa mata ba." Kyaftin ya ce ba komai, kowane gida da nasa. Sannan ya juya ga Na'iya ya roƙe shi alfarma ɗaya, ya bar musu fayil ɗin. Ya ce shekara da shekaru yana neman abin da zai nuna wa sababbin ɗalibai a ranar farko don su san abin da ke samun wanda ya ƙi duba jirginsa kafin ya hau, bai taɓa samun kamar wannan ba.

Da aka fito Direba ya kwashi mutanen layi da ƙanwarsa, ya ce mota ta cika. Akwai kujera biyu babu kowa. Na'iya ya tako da ƙafa har bakin babban titi cikin rana, ya juya rigarsa mai hoton jirgi ciki a waje.

Kwana uku shagon na rufe. A na huɗu ya buɗe, hoton bakinsa kuwa ya riga ya zaga duk wayoyin kasuwa. Wata mata da ba 'yar unguwar ba ce ta shigo buga fosta, ta ga sabon allo ta tambaya ko da gaske yana fentin jirage. Mai aski ya kashe inji don ya ji amsa. Mai gyaran waya ya ajiye sukundireba.

Na'iya ya gyara zama ya ce, "Hajiya, je ki makarantar tuƙin jirgi ki tambaya. Mutum uku muka kai zane. Ɗaya an mayar masa da nasa, ɗaya an shafa a jirgi rana na cinsa. Nawa kuwa shugaban da kansa ya roƙa a bar musu. Yanzu haka ba ɗalibin da zai taɓa sitiyari sai an fara nuna masa aikina."

Matar ta dubi mai aski don ta ji gaskiya. Mai aski ya juya maganar a ransa, ya ga duk cikinta babu ƙarya ko ɗaya. Ya kunna injinsa ya ce, "Haka ne, Hajiya. Amma in zai buga miki, ki tsaya a kansa."

Nan labarin ya sauka, ba fiffike ba taga, amma dai ya sauka.